Shiru Daban, "Kada a Yi Komai" Daban: Yadda Manhajar Make Ke Karanta Ƙa'idojinta

Ba a rubuta babbar manhajar kwamfuta a fayil guda. Rarraba ta ake yi kashi-kashi, fayil goma, ɗari, wani lokaci dubbai, kuma kowanne sai an juya shi daga rubutun da mutum ke iya karantawa zuwa harshen na'ura, sannan a haɗa su su zama abu ɗaya mai aiki. Wannan aikin shi masu sana'ar ke kira gini. Idan aka gyara layi ɗaya a fayil ɗaya, sake gina komai daga tushe ɓarnar lokaci ce. Idan kuma aka manta da wani sashen da gyaran ya shafa, sai a wayi gari da manhaja rabinta sabuwa rabinta tsohuwa, wadda neman kuskure a cikinta kan cinye wa mutum yini.

Irin wannan asarar ce ta haifar da Make. Stuart Feldman ya rubuta ta a 1976 a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, bayan abokin aikinsa Steve Johnson ya ɓata safiya guda yana farautar kuskuren da tuni ya gyara, ashe fayil ɗin da ya gyara ne ba a sake ginawa ba. Make ta shiga cikin tsarin Unix, ta bazu tare da shi, kuma a 2003 ƙungiyar ACM ta ba Feldman lambar yabo saboda ita. Nau'in da aka fi amfani da shi a yau shi ne GNU Make, wanda Richard Stallman da Roland McGrath suka rubuta a ƙarshen shekarun 1980. Da shi ake gina zuciyar Linux da ɗimbin manhajojin da ke ƙarƙashin wayoyi da intanet. Bayanin da ke biye a kansa ya fi ta'allaƙa.

Sassan ƙa'ida guda uku

Make tana karanta wani fayil mai suna Makefile, wanda ke ɗauke da jerin ƙa'idoji. Cikakkiyar ƙa'ida sassa uku gare ta: abin da ake son ginawa, abubuwan da ya dogara da su, da umarnin da za a bi a gina shi. Ga misali daga wata ƙaramar manhajar lissafin kanti da aka rubuta da harshen C:

kanti: babba.o lissafi.o
	cc -o kanti babba.o lissafi.o

Abin da ke hagu da ruwa biyu, wato kanti, shi ne abin ginawa. Na dama su ne abin dogaro. Layi na biyu shi ne umarnin, kuma dole ya fara da alamar Tab. Tazarar da ake bugawa da dogon maɓalli ba ta wadatarwa, ko da an buga ta sau takwas ta yi kama da Tab a ido. Feldman da kansa ya bayyana cewa ya bar wannan sharaɗi ne don lokacin da ya ga illarsa mutane kamar goma sha biyu sun riga sun fara amfani da manhajar, bai so ya ɓata musu fayilolinsu ba.

Hukuncin da Make ke yankewa mai sauƙi ne. Kowane fayil yana ɗauke da lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe. Idan abin ginawa babu shi, ko kuma ɗaya daga cikin abin dogaronsa ya fi shi sabunta, sai a gudanar da umarnin. In ba haka ba a ƙyale shi. Kafin ta yanke wannan hukunci kuwa, sai ta bi kowane abin dogaro ta yi masa irin wannan tambaya, har ƙasa.

Sashe na uku ba dole ba ne, kuma a nan batun yake. Ana iya rubuta ƙa'ida babu umarni sam. Ana iya kuma rubuta ta da umarni wanda babu komai a cikinsa, wato fankon umarni. A takarda tazarar da ke tsakaninsu alama ɗaya ce tak:

lissafi.o: lissafi.h

lissafi.o: lissafi.h ;

Waƙafi mai ruwan da ke ƙarshen layi na biyu hanya ce ta fara umarni a kan layin ƙa'idar kansa, ba sai an sauka ƙasa ba. Da yake ba a rubuta komai bayansa ba, umarnin ya zama fanko. Mai karatu zai ɗauka duk ɗaya ne, tun da ko a nan ko a can babu abin da za a gudanar. Make ba haka take ganinsu ba, kuma sakamakonsu ya yi hannun riga.

Idan babu umarni

Ƙa'idar da ba ta da umarni, a wurin Make, magana ce da ba a ƙarasa ba. Ta faɗi dangantaka, cewa lissafi.o ya dogara da lissafi.h, amma ba ta faɗi yadda ake gina shi ba. Don haka Make sai ta tafi neman amsar a wani wuri. Da farko ta duba ko akwai wata ƙa'idar a cikin Makefile da ta ba wannan fayil umarni, domin an yarda a ambaci abin ginawa guda a ƙa'idoji da yawa, a tattara abin dogaronsu wuri ɗaya, muddin ɗaya ce kawai mai umarni. Idan ba ta samu ba, sai ta koma ga rumbun ƙa'idojin gama-gari da aka gina a cikinta.

Wannan rumbu babba ne. A ciki akwai ƙa'idar da ke cewa duk fayil mai ƙarewa da .o ana iya gina shi daga takwaransa mai ƙarewa da .c ta hanyar kiran kwamfaila, wato manhajar da ke juya rubutun C zuwa harshen na'ura. Akwai makamantanta na C++, Fortran, Pascal da sauransu. Saboda haka da Make ta ga lissafi.c a cikin folda, sai ta ɗauko wannan ƙa'ida, ta sa lissafi.c a gaban jerin abin dogaro, ta riƙe lissafi.h da aka ba ta, ta gina lissafi.o. Mai rubutun bai rubuta umarni ko ɗaya ba, amma gini ya gudana daidai. Tsofaffin Makefile da yawa cike suke da irin waɗannan layuka, kuma hikima ce mai kyau: mutum ya faɗi abin da shi kaɗai ya sani, wato wane fayil ke jingine da wane, ya bar wa manhajar abin da ta riga ta iya.

Sai dai binciken ba ya tambayar niyya. A ɗauki mai rubutun da ya ƙirƙiri suna test don kawai ya tara wasu gwaje-gwaje a ƙarƙashinsa, ya rubuta test: gwaji1 gwaji2 ba umarni. Idan akwai fayil mai suna test.sh a wannan folda, Make za ta tarar da wata tsohuwar ƙa'ida a rumbunta da ke cewa ana iya samar da fayil daga takwaransa mai .sh. Sai a ga ta buga cat test.sh >test a allo, ta bi shi da chmod a+x test, ga sabon fayil ya bayyana wanda ba wanda ya nema. Idan test.c ne a wurin, kwamfaila za ta kira. Ba ta yi laifi ba a bisa dokarta: an bar mata gurbi, ta cike shi da abin da ta sani.

Idan umarnin fanko ne

Waƙafi mai ruwa yana rufe wannan gurbin. Yanzu ƙa'idar tana da umarni, kuma Make ba ta neman umarni ga wanda ke da shi. Ba za ta leƙa rumbun gama-gari ba, ba za ta kula da lissafi.c ba. Idan lokacin gini ya yi, za ta "gudanar" da fankon, ta ɗauka aiki ya kammala lafiya, ta wuce. Lamarin kamar na mai kai ɗinki ne wurin tela. Wanda ya ajiye shadda ya ce a yi masa kaftani, bai ce uffan a kan wuya ba, tela zai yi masa aikin da aka saba yi. Wanda ya ce a bar wuyan haka nan kada a yi masa aiki, shi ma ya ba da umarni, kuma tela zai bi.

Babban amfanin fankon umarni ke nan, kuma littafin jagorar GNU Make shi ya fara ambata: hana a nemo wa abu umarni daga ƙa'idojin gama-gari, ko daga ƙa'idar ƙarshe ta .DEFAULT wadda ake komawa gare ta idan an rasa kowace.

Haɗarin shi ne ana iya rubuta fankon umarni ba da sani ba. Layin da ya fara da Tab a ƙarƙashin ƙa'ida umarni ne, ko da babu komai bayan Tab ɗin. A allo ba shi da bambanci da layin da aka bari fili. Manhajojin rubutu da yawa kuwa suna saka Tab da kansu idan aka sauka sabon layi. A ce hakan ta faru a ƙarƙashin lissafi.o: lissafi.h. Make za ta zo kan lissafi.o, ta ga yana da umarni, ta gudanar da shi, ba ta ce komai ba. Sai an zo haɗa kanti sannan kwamfaila ta tsaya, ta ce ba ta ga lissafi.o ba. Mai rubutun zai duba Makefile sama da ƙasa, komai daidai a idonsa. Wannan ma da sauƙi, domin an sami ƙara. Mafi muni shi ne idan akwai tsohon lissafi.o da ya rage daga ginin jiya: babu kuskuren da zai fito, gini zai kammala, amma duk gyaran da aka yi wa lissafi.c ba zai shiga manhajar ba. Ainihin matsalar da Johnson ya kawo wa Feldman ke nan ta dawo ta ƙofar baya. Shi ya sa duk wanda ke nufin fankon umarni ya kamata ya rubuta shi da waƙafi mai ruwa, inda ido zai gan shi, ya kuma saita manhajar rubutunsa ta riƙa nuna alamomin da ba a gani. Tun sigar 3.82 ta 2010 GNU Make ta ba da damar sauya Tab da wata alama ta hanyar .RECIPEPREFIX, amma kaɗan ne suka rungumi wannan.

Da yake fanko umarni ne cikakke a idon Make, yana iya ture na gaske. Idan an ba lissafi.o umarninsa a sama, sannan a ƙasa aka ƙara masa abin dogaro da layi mai ƙarewa da waƙafi mai ruwa, Make za ta yi gargaɗi cewa tana maye gurbin tsohon umarni da sabo, kuma na ƙarshe shi ke cin nasara. Gargaɗin layi biyu ne, yana saurin nutsewa a cikin rubutun da ke kwarara a allo.

Ko saƙon da Make ke bugawa idan ba ta yi aiki ba yana bin wannan rabo. Ga abin ginawar da ba shi da umarni ko kaɗan takan ce Nothing to be done, wato babu abin yi. Ga fayil mai umarni, ko da fanko ne, takan ce is up to date, wato yana nan a sabunte. Wanda ya san wannan yana iya gane daga saƙon kaɗai ko wani ɓoyayyen Tab ya shiga inda bai kamata ba.

Inda ma'anar ta juye

Duk abin da aka faɗa zuwa nan ya shafi ƙa'idar da ta ambaci fayil da sunansa. Ƙa'idojin gama-gari, waɗanda ake rubutawa da alamar % a madadin kowane suna, dokarsu daban ce. Mutum yana iya rubuta nasa, misali %.o: %.c da umarni a ƙasa, sai ta maye gurbin ta cikin rumbu. Amma idan ya rubuta

%.o: %.c

ya tsaya nan babu umarni, ma'anar ita ce soke ƙa'idar. Make za ta cire duk wata ƙa'idar gama-gari mai wannan abin ginawa da wannan abin dogaro, har da wadda aka gina a cikinta, ta zama ba ta san hanyar samun .o daga .c ba. Idan kuwa ya ƙara waƙafi mai ruwa, ƙa'idar tana nan da ranta, za a zaɓe ta, za a gudanar da ita, ba za ta haifar da komai ba. Wato rashin umarni a ƙa'ida mai suna yana buɗe ƙofar bincike, a ƙa'idar gama-gari kuma yana toshe wata hanya daga cikin hanyoyin binciken. Wannan yana daga cikin wuraren da tsarin Make ya fi rikitarwa, domin babu yadda za a yi mutum ya hango shi da hankali kawai, sai an gaya masa. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne mutum ya rubuta %.o: kowa.h da nufin ƙara wa dukkan fayilolin .o abin dogaro guda. Layin ba ya ƙara komai. Make tana karanta shi a matsayin soke wata ƙa'idar da ma babu ita, ta wuce shiru.

Sokewar tana da amfani na gaske. A rumbun Make akwai ƙa'idojin da suka dace da kowane suna, waɗanda aka tanada don ciro fayil daga RCS da SCCS, tsofaffin manhajojin adana tarihin rubutu na zamanin da babu Git. Kusan ba mai amfani da su yanzu, amma Make tana gwada su a kan fayil bayan fayil. Wanda ya buɗe Makefile ɗin da CMake ke samarwa zai ga layuka irin su % : RCS/% da % : s.% a jere babu umarni, an sa su ne don kashe wannan bincike. Masu ginin Linux sun yi yankan ƙauna gaba ɗaya: suna kiran Make da zaɓin -r da -R, waɗanda ke zubar da dukkan ƙa'idoji da ma'aunan da aka gina a ciki. Haka nan rubuta .SUFFIXES: babu komai a gabansa yana share jerin ƙarshen sunayen da tsofaffin ƙa'idoji ke aiki da su.

Babu abin dogaro, babu umarni

Akwai ƙa'idar da ta fi kowace gajarta, suna da ruwa biyu kawai:

FORCE:

Idan babu fayil mai wannan suna, Make tana ɗauka cewa an sabunta shi a duk lokacin da ta zo kansa. Sakamakon haka, duk abin da ya jingina da FORCE sai an gudanar da umarninsa a kowane gini. Tsarin ginin Linux yana amfani da wannan dabara a ko'ina: yana tilasta a shiga umarnin kowane fayil, sannan a ciki ya duba ko abin dogaro ya canja ko kuwa zaɓuɓɓukan da aka ba kwamfaila ne suka canja, abin da lokacin fayil kaɗai ba zai nuna ba.

Wannan ɗabi'a ce kuma ta warware wata tsohuwar matsala. Rubuta jerin fayilolin .h da hannu aiki ne mai gajiyarwa da yawan mantuwa, don haka kwamfailar GCC tana iya rubuta shi da kanta idan aka ba ta zaɓin -MMD. Takan fitar da ƙaramin fayil mai ƙarewa da .d, a ciki akwai layi kamar lissafi.o: lissafi.c lissafi.h haraji.h, sai Makefile ya jawo shi. Matsala tana tasowa ranar da aka goge haraji.h don an daina buƙatarsa. Tsohon fayil ɗin .d yana nan yana ambatonsa, sai Make ta tsaya cik ta ce No rule to make target, ba ta da hanyar gina haraji.h. Zaɓin -MP shi ne maganin: yana sa GCC ta ƙara layin haraji.h: shi kaɗai a ƙasa. Yanzu idan fayil ɗin ya ɓace, Make za ta ɗauka an sabunta shi, ta sake gina lissafi.o, kuma a wannan ginin a rubuta sabon .d wanda babu haraji.h a ciki.

Abin lura shi ne GCC ba ta sa waƙafi mai ruwa a waɗannan layuka, kuma daidai ta yi. Wasu fayilolin .h ba da hannu ake rubuta su ba, wata ƙa'ida ce a Makefile ke samar da su. Layi marar umarni yana zama lafiya kusa da waccan ƙa'ida. Da fanko ne, da ya yi karo da ita, ya ture umarninta.

Inda fankon ya zama dole

Wasu Makefile suna da ƙa'idar kama-duka, % ita kaɗai a hagu, wadda ke karɓar duk sunan da ba a tanadar masa komai ba, galibi don miƙa aikin ga wani Makefile. Idan aka jingina ta da force, takwaran FORCE ɗin da aka gani a sama, don ta riƙa gudana kullum, to shi ma force suna ne, kuma muddin ba shi da umarni, kama-duka za ta kama shi, ya zama yana dogara da kansa. Rubuta force: ; ke raba wannan gardama. Haka abin yake ga Makefile kansa. GNU Make, bayan ta karanta shi, takan duba ko shi ma yana buƙatar a sake gina shi, domin a wasu ayyukan wata manhaja ce ke samar da shi. Inda akwai kama-duka mai jingine da force, sai a ga umarninta ya gudana sau biyu, na farko a kan sunan Makefile. Layin Makefile: ; yana hana wannan, yana kuma rage binciken banza a farkon kowane gini.

Wuri na biyu ya fi zurfi, wato umarni ɗaya mai haifar da fayil biyu. Manhajar Bison, idan aka ba ta nahawu.y da zaɓin -d, tana fitar da nahawu.tab.c da nahawu.tab.h a tashi ɗaya. Abin da hannu ke fara rubutawa shi ne a jera sunayen biyu a hagun ruwa biyu, a sa umarnin a ƙasa. Make tana karanta wannan a matsayin ƙa'idoji biyu masu zaman kansu, kowace da kwafin umarnin. Idan ana gini da zaɓin -j, wanda ke gudanar da ayyuka da yawa lokaci guda, Bison biyu na iya tashi tare suna rubutu a kan fayil ɗaya. Dabarar da aka daɗe ana yi ita ce a ba fayil na farko umarnin gaske, na biyu kuma a rataye shi a jikin na farko:

nahawu.tab.h: nahawu.tab.c ;

Waƙafi mai ruwan nan yana da aiki. Make tana karanta lokacin fayil ta riƙe shi a ƙwaƙwalwarta, kuma abin da ke sa ta koma ta sake dubawa shi ne ta gudanar da umarnin wannan fayil. Fanko yana cika wannan sharaɗi: bayan ta "gudanar" da shi, sai ta sake duba nahawu.tab.h, ta tarar Bison ya sabunta shi, ta sake gina duk masu dogara da shi. Idan babu umarnin, tana iya ci gaba da tsohon lokacin da ta riƙe, masu dogara da fayil ɗin su tsira ba a taɓa su ba. Alamar wannan cuta sananniya ce ga masu sana'ar: gini ba ya daidaita sai an kira make sau biyu.

Dabarar tana da rauni duk da haka. Idan aka goge nahawu.tab.h aka bar nahawu.tab.c, fankon ba zai dawo da shi ba, tun da ba ya yin komai, kuma Bison ba zai tashi ba tun da nasa fayil ɗin yana nan a sabunte. Ingantacciyar hanya tun da can ita ce ƙa'idar gama-gari mai suna biyu a hagu, %.tab.c %.tab.h: %.y, domin a lokacin a irin wannan ƙa'ida kaɗai Make ke fahimtar cewa gudu ɗaya ke samar da duka biyun. Sai a sigar 4.3, wadda ta fito a Janairun 2020, aka kawo alamar &: da ke ba ƙa'ida mai suna wannan ma'ana kai tsaye. Ga sabon aiki ita ta fi dacewa, sai dai in ana tsoron kwamfutocin da har yanzu ke ɗauke da tsohuwar siga, kamar na kamfanin Apple da suka daɗe suna zuwa da 3.81.

Sunayen da ba fayil ba ne, irin su all, clean da test, suna da nasu magani wanda ya fi fanko. Idan aka jera su a gaban .PHONY, Make ba za ta neme su a folda ba, ba kuma za ta yi musu binciken gama-gari ba, ko suna da umarni ko ba su da shi. Fanko yana hana bincike ne kawai. Idan wani ya ƙirƙiri fayil mai suna test ko FORCE, lissafin lokaci zai dawo aiki ya ɓata shirin. Shi ya sa Linux ke sanya FORCE ɗinsa a cikin .PHONY. Akwai kuma wani ɗan'uwan fanko da ake yawan gani, umarnin @: wanda ke kiran wani aikin da ba ya yin komai, ba tare da an buga shi a allo ba. Wannan umarni ne na gaske, Make tana ƙirga shi a matsayin aikin da aka yi, don haka ba ta buga saƙon babu abin yi.

Idan gini ya rikice, Make tana da hanyoyin tona asirin kanta. Zaɓin -n yana nuna abin da za ta gudanar ba tare da ta gudanar ba. Zaɓin -p yana zazzage dukkan ƙa'idojin da ta sani, na mai rubutu da na rumbu, yana faɗin fayil da layin da kowane umarni ya fito, ta nan ake kama Tab ɗin da ya ɓuya. Zaɓin -d kuwa yana bayyana tunaninta taki-taki, kowace ƙa'idar da ta gwada da dalilin da ya sa ta bar ta.

Yadda wasu manhajojin suka yi da batun

Waɗanda suka zo bayan Make sun ga wannan ruɗani, kowa ya bi da shi ta hanyarsa. Andrew Hume, shi ma a Bell Labs, ya rubuta mk, wadda ta zama manhajar gini ta tsarin Plan 9. Ta riƙe al'adar ƙa'ida marar umarni mai ƙara abin dogaro, amma ta mayar da niyya abin rubutawa a fili da haruffa: V na nufin sunan ba fayil ba ne, N kuma na nufin idan babu umarni a ɗauka an sabunta lokacinsa. Ninja, wadda Evan Martin ya ƙirƙira yana aiki a kan burauzar Chrome a Google, ta zubar da rumbun gama-gari ɗungurungum. Kowane layin gini dole ya ambaci sunan ƙa'idar da zai bi, saboda haka babu gurbin da za a cike wa mutum. Mai son abin da ba ya gudanar da komai sai ya kira ƙa'ida ta musamman mai suna phony, wadda idan ba a ba ta abin dogaro ba take yin aikin da -MP ke yi, ta hana kuka a kan fayil ɗin da ya ɓace. Fitar da fayil da yawa daga umarni ɗaya kuwa tun farko a cikin tsarinta yake. Farashin wannan tsabta shi ne fayilolin Ninja suna da tsawo ƙwarai, ba a cika rubuta su da hannu ba, manhajoji irin su CMake da Meson ke samar da su. A Gradle, wadda ake gina manhajojin Android da ita, ayyuka irin su build da check ba su da aikin kansu, tara wasu ayyukan kawai suke yi a ƙarƙashinsu, kuma Gradle ba ta zuwa neman abin da za ta cusa musu.